Jirgin Katakon Ken Warby: Daga Teburin Kicin Zuwa Kilomita 511 a Sa'a

A ranar 8 ga Oktoba, 1978, a kan madatsar ruwa ta Blowering da ke kusa da garin Tumut a jihar New South Wales ta Ostareliya, wani jirgin ruwa mai ɗaukar mutum ɗaya ya ratsa kilomita guda da aka auna, ya juyo ya sake ratsa ta. A zuwa ya yi gudun kusan kilomita 493 a sa'a, a dawowa ya haura 529. Da aka haɗa aka raba biyu, lissafi ya tsaya a kan 511, wato kilomita ɗaya cikin daƙiƙa bakwai. Tun daga ranar har yau ba a sami ɗan Adam da ya karya wannan tarihin na gudu a kan ruwa ba, kuma mutum biyu da suka fito da niyyar ƙwace kambun, dukansu a wajen neman suka rasa rayukansu.

Sunan jirgin Spirit of Australia, kuma na katako ne. Mai tuƙa shi, Ken Warby, shi ya zana shi da hannunsa a kan teburin kicin ɗin gidansa a 1970, shi ya gina shi a bayan gida a unguwar Concord ta birnin Sidni, injin da ya fara kafa tarihi da shi kuwa a gwanjo ya saye shi, kuɗinsa bai kai dala 70 ba.

Yawanci a nan masu ba da labarin suke tsayawa, domin a nan daɗinsa yake: talaka shi kaɗai da zarto ya kayar da masu kuɗi. Ba ƙarya suka yi ba, amma rabin magana ce. Wanda ya bi aikin daga 1970 zuwa 1978 zai ga cewa zanen da aka yi a kicin ba shi ne ya yi gudun 511 ba. Wanda ya yi gudun shi ne zanen bayan an shafe shekaru huɗu ana gwada shi a ruwa, an kai shi gaban malaman jami'a sun tone masa aibi, an yanke nan an ƙara can. Gwanintar Warby ita ce ya zana abin da hannunsa zai iya ginawa, zai kuma iya sauyawa, sannan bai ji nauyin miƙa zanensa ga wanda ya fi shi sani ba.

Mutumin da filin da ya shiga

An haifi Warby a 1939 a Newcastle, garin kwal da ƙarfe da ke bakin teku arewa da Sidni. Yana ɗan shekara 14 ya harhaɗa jirginsa na farko a gida, daga nan ya faɗa tseren ƙananan jirage masu inji a tafkunan yankinsu. Ya koyi aikin injiniya a masana'antar ƙarfe ta BHP, daga baya ya koma tallar kayan aiki masu lantarki na kamfanin Makita. Saboda haka a ranar da ya shimfiɗa takarda a kan tebur, mutum ne mai shekara 31 wanda ya haura shekara goma sha biyar yana gina jirage yana tsere da su. Ya san yadda jirgi ke rawa a ƙarƙashin mutum kafin ya kife. Masu cewa wani ɗan talla ne kawai ya tashi da safe ya ɗauki fensir sun rage masa mudu.

Gwarzonsa tun yana yaro shi ne Donald Campbell, Baturen Ingila wanda ya kafa tarihin gudu a kan ruwa har sau bakwai tsakanin 1955 da 1964 da jirginsa Bluebird K7. Na ƙarshen ma a Ostareliya ya yi shi, a tafkin Dumbleyung, ranar 31 ga Disamba, 1964, da gudun kusan kilomita 445. Ranar 4 ga Janairu, 1967, a tafkin Coniston na Ingila, Campbell yana neman haura mil 300 a sa'a, wato kusan kilomita 483, gaban jirgin ya ɗaga, jirgin ya tashi sama ya yi alkafura ya faɗo. Sai a 2001 aka ciro gawarsa daga ƙasan tafkin. Kafin shi, a wajen neman wannan kambun, Henry Segrave ya mutu a tafkin Windermere a 1930, John Cobb kuma a tafkin Loch Ness a 1952. Wata shida bayan mutuwar Campbell, Ba'amurke Lee Taylor ya ɗaga kambun zuwa kilomita 459 a tafkin Guntersville na jihar Alabama. Wannan lambar ce ke gaban Warby lokacin da ya zauna zane, tare da sunayen mamatan.

Abin da ke kan takardar

Jirgin ruwa na yau da kullum yana ture ruwa ne ya wuce ta cikinsa, kuma ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800. Idan aka ninka gudu sau biyu, turjiyar ruwan ninkuwa take yi sau huɗu. Don haka duk mai neman gudu na gaske, dabararsa ɗaya ce: ya fitar da jikin jirgin daga ruwan, ya bar ɗan abin da zai dafa kawai. Siffar da ta yi fice a wannan aikin ita ce ta jirgi mai ƙafa uku. Ana maƙala wasu dogayen takalma biyu a gaba, dama da hagu, sannan gindin jirgin a baya ya zama ƙafa ta uku. Jirgi yana tsaye, cikinsa duka a ruwa yake. Yana ɗaukar gudu sai ya hau sama, ya rage ƙarshen takalman nan biyu da ɗan wuri a baya ne kaɗai ke shafar ruwa, sauran jikin duk iska ce ke bi ta ƙarƙashinsa.

Ba Warby ya ƙirƙiro wannan ba. Adolph Apel da ɗansa Arno sun yi suna da ita a Ventnor ta jihar New Jersey tun shekarun 1930, jirgin Slo-mo-shun IV ya yi gudun kilomita 258 da ita a 1950, Bluebird K7 ma haka yake tsaye. Warby ya ɗauki siffar da aka riga aka gwada, ya zana nasa tsawon kimanin mita 8.2, matuƙi a gaba, inji a bayansa. Wannan shi ne hukunci na farko mai kyau da ya yanke, kuma ba a cika yaba masa a kai ba, domin ba ya burge mai sauraro. Jirgin Cobb an juya masa tsari ne, ƙafa ɗaya a gaba biyu a baya, manyan injiniyoyi suka zana, kamfanin Vosper ya gina. Da ya hau kan wata 'yar igiyar ruwa yana gudun sama da mil 200, gaban ya nutsa ya tarwatse.

Inda gizo ke saƙar shi ne iska. A gudun kilomita 500, ruwa yana danna duk abin da ya tare shi da ƙarfin kusan kilo 100 a kan kowane murabba'in santimita, shi ya sa ɗan wuri kaɗan ya isa ya ɗauki jirgi mai nauyin tan ɗaya da rabi. Amma ita ma iska a wannan gudun ba abar wasa ba ce. Idan ta sami abu gaba da gaba, ƙarfinta ya haura tan ɗaya a kan kowane murabba'in mita. Faɗin cikin jirgin kuwa ya wuce murabba'in mita goma. Ke nan ko kashi ɗaya cikin goma na wannan ƙarfin ya koma ɗagawa sama, ya kusa kai nauyin jirgin duka. Abin da zai jawo haka bai taka kara ya karya ba: hancin jirgi ya ɗaga kaɗan saboda wata 'yar igiyar ruwa, iska ta ƙara shiga ƙarƙashi, hancin ya ƙara ɗagawa, iskar ta ƙara samun wuri. Wanda ya taɓa ganin yadda iskar farkon damina ke samun gefen kwanon rufi guda da kusa ta saki, ta ɗaga shi kaɗan, sannan ta yaye rufin gaba ɗaya, ya ga abin da ya sami Campbell.

Saboda haka mai zana irin wannan jirgi yana tafiya ne a kan siraɗi. Ya danne hancin da yawa, takalman su nutsa, turjiya ta ƙaru, ko gaban ya soki ruwa ya fashe. Ya sassauta, jirgin ya tashi. Wurin da nauyin jirgi ya taru, kwanar da ƙasan takalman ke yi da fuskar ruwa, tsayin injin daga ruwa, duk sai sun daidaita, kuma daidaiton da ya yi a gudun 250 ba lalle ya yi a 450 ba. Fensir da ruler da lissafin hannu suna iya kai mutum kusa. Ba sa iya gaya masa a wane gudu ne iska za ta fi nauyin jirginsa ƙarfi.

Me ya sa katako

An fara ginin a 1972. Ƙashin jirgin an yi shi da katakon itatuwan ƙasashen sanyi irin su spruce da wanda mutanen Ostareliya ke kira oregon, aka lulluɓe da filawud na jirgin ruwa, aka bi samansa da faiba. Na'urori masu lantarki uku ya yi aiki da su: injin huda, zarto mai juyawa, da injin goge katako. Sauran duk aikin hannu ne. Mai sayar da irin waɗannan na'urori ya gina jirgin da ya fi kowane gudu a duniya da guda uku kacal. Ban san ko kamfanin ya ɗauki wannan a matsayin talla ko zagi ba.

Mutane kan ɗauka rashin kuɗi ne kaɗai ya sa ya zaɓi katako. Rashin kuɗin na nan, amma katako ba kayan maleji ba ne a wannan fagen. Idan aka auna ƙarfi da nauyi, spruce yana cikin katakan da suka fi kowanne, shi ya sa aka daɗe ana ƙera jiragen sama da shi. Jirgin yaƙin Ingila na Mosquito, ɗaya daga cikin mafiya gudu a yaƙin duniya na biyu, yawancin jikinsa katako ne. Katako yana shanye duka da jijjiga, ba ya saurin gajiya ya tsage yadda gorar ruwa, wato ƙarfen alminiyum, ke yi idan aka yi ta lanƙwasa ta. Jirgin da ke dukan fuskar ruwa sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya yana buƙatar wannan halin.

Ɗauki guntun filawud na jirgin ruwa ka duba bakinsa inda zarto ya yanka. Za ka ga siraran falle-falle an jera, ɗaya zarensa ya miƙe, na bisansa ya gitta, na gaba ya sake miƙewa, tsakaninsu baƙin layin gam wanda ruwa ba ya narkarwa, babu rami babu gurbi. Gittawar nan ce ke hana shi tsagewa ta kowace fuska. Amma yana da taurin kai guda: yana lanƙwasuwa ta fuska ɗaya, ba ya yarda ya lanƙwasu ta fuska biyu a lokaci guda. Za ka iya naɗe shi ya yi baka, ba za ka iya mai da shi ƙoƙo ba. Wannan ya sa mai zane a gida dole ya riƙa tunanin falle tun yana jan layi. Duk lanƙwasar da ya zana wadda filawud ba zai bi ba, ya zana wa kansa wahala ne. Shi ya sa irin waɗannan jirage ke fitowa da shimfiɗaɗɗun ɓangarori da kaifafan gefuna, kuma sai aka yi dace ruwa ma haka yake so: kaifin gefe yana sakin ruwa tsaf, zagayayyen gefe kuwa ruwa manne masa yake yi ya ja shi ƙasa.

Tsarin ginin bai bambanta da na kowane ƙaramin jirgin tsere na katako ba. Ana mai da ƙaramin zane zuwa cikakken girmansa, a yanka haƙarƙarin jirgi ɗaya bayan ɗaya, a jera su a kan madaidaicin gado da aka auna da igiya da ma'aunin ruwa, a bi su da dogayen sanduna daga hanci zuwa gindi, sannan a ɗora fallen filawud da gam da sukurori. Gam ɗin ne ke riƙe jirgin, sukurorin matse shi kawai suke yi har ya bushe, shi ya sa magini ke son ya ga gam ya ɗan tsattsafo ta bakin haɗi tun daga farko har ƙarshe. Inda bai tsattsafo ba, akwai wurin da bai kama ba. Abin da ya fi cin rai shi ne daidaita dama da hagu. Takalmi ɗaya ya fi ɗan'uwansa kwana da abin da ido ba zai gani ba, a gudun 80 ba wanda zai lura, a gudun 400 jirgin zai riƙa fizgar matuƙi gefe guda.

Sai babbar fa'idar, wadda a ganina ita ce ta raba gardama. Jirgin katako mai shi yana iya gyara shi da yamma ya gwada da safe. Yana iya ƙara ɗan siririn katako a ƙasan takalmi ya sauya kwanarsa, ya goge, ya shiga ruwa, ya dawo ya rage. Bluebird K7 ƙashin ƙarfe ne da fatar gorar ruwa, sauyi a jikinsa aikin masana'anta ne. Mutumin da ba shi da ma'aikata, ba shi da kuɗin sake gini, wanda kuma ya san zanensa na farko ba zai fito daidai ba, babu abin da ya fi masa katako.

Injin gwanjo

Rundunar sojan saman Ostareliya ta yi gwanjon tsofaffin injinan jet ƙirar Westinghouse J34, irin waɗanda ake rataya wa jiragen sintiri na Neptune a ƙarƙashin fiffike don ƙara musu ƙarfi. Warby ya sayi uku. Mafi arha a cikinsu don ya riƙa cire kayan gyara ya saye shi. Lafiyayyen J34 yana tura abu da ƙarfin kusan kilo 1,500, wato kusan nauyin jirgin kansa.

Injin jirgin sama a jikin jirgin katako yana kama da hauka, amma ga mai gini a bayan gida ya fi sauƙi. Babu farfela, babu sandar juya ta, babu giya. Farfela kuwa ita ce ke tsaida jirage masu injin fistin, domin idan gudu ya kai wani mataki sai ta riƙa yankan kumfa maimakon ruwa. Injin jet a ɗaure shi da ƙashin jirgi, a ba shi iska da mai, shi ke nan. Nasa matsalolin daban ne. Bakinsa yana zuƙar duk abin da ya zo kusa, kuma feshin ruwa ya shiga da yawa zai kashe shi. Sannan da yake yana sama da fuskar ruwa, turinsa yana danne hancin jirgi ƙasa. Matuƙi ya ɗauke ƙafa daga totur farat ɗaya a tsakiyar gudu, dannewar ta ɓace, hancin ya sami sarari. Masu nazarin haɗarin Campbell suna lissafa wannan cikin abubuwan da ake jin sun taimaka wa jirginsa tashi. A wannan fagen rage gudu ma sai an koya.

Shekaru huɗu a ruwa

A 1974 aka saka jirgin a ruwa, kuma a lokacin bai kammala ba. Injin a buɗe yake babu murfi, babu bututun shigar iska, babu fiffiken wutsiya. A haka Warby ya fara, yana ƙara gudu mataki-mataki, har ya karɓe kambun ƙasarsa tun jirgin bai wuce rabin abin da zai yi daga baya ba sosai. Ya ajiye aikinsa ya rungumi jirgin. Kuɗi kuwa da kyar da jiɓin goshi: yakan ja jirgin a tirela ya kai shi gidajen mai da manyan kantuna mutane su kalla, yana zana hotuna da fenti yana sayarwa. Daga baya kamfanin mai na Shell da kantunan Fosseys suka sa hannu, sai kuma Speedo mai kayan ninkaya a 1978.

Rashin kuɗin nan ya yi masa wani amfani da bai nema ba. Bai sami halin yin gaggawa ba. Kowane ƙarin gudu sai da ya zauna a kansa, ya ji yadda jirgin ke yi, ya koma gida ya taɓa wani abu. Campbell a makonninsa na ƙarshe a Coniston yana cikin matsi: hunturu, 'yan jarida sun gaji da jira, kuɗi na ƙarewa, jirgin kuma an gina shi ne don gudun da bai kai wanda ake nema da shi ba. A gudunsa na ƙarshe bai tsaya shan mai ba, ya juyo nan take. Warby ya san wannan labarin ciki da bai.

Sai babban mataki. Ya kai aikinsa Jami'ar New South Wales wurin Farfesa Tom Fink, kuma Fink ba baƙo ba ne a wannan harka, domin tun yana Landan ya yi aikin gwajin iska a kan Bluebird na Campbell. Shi da abokin aikinsa Lawrence Doctors suka sa ɗan samfurin jirgin a bututun gwajin iska, inda ake hura iska mai ƙarfi a auna yadda take ɗaga abu ko danne shi. A nan aka sami amsar tambayar da teburin kicin ba zai iya amsawa ba. Sakamakon shi ne siffar da jirgin ya ƙare da ita: murfi mai santsi a kan inji, bututun iska a gefe biyu bayan matuƙi, da doguwar wutsiya mai fiffike a kwance a samanta, irin ta jirgin sama. Aikin fiffiken shi ne idan hanci ya fara ɗagawa, iska ta kama shi ta ɗaga gindin, jirgin ya koma daidai.

Ina ganin a nan ne mafi yawan masu gini a gida ke faɗuwa, ko jirgi suke ginawa ko wani abin. Mutum ya shekara biyu yana shan ƙurar katako shi kaɗai, abin ya zama ɗansa, ba ya son a ce hancinsa ya karkace. Warby mutum ne mai baki da ji da kai, hirarrakinsa sun nuna haka. Duk da haka ya ɗauki zanensa ya ajiye gaban wanda zai iya ce masa bai yi ba.

Blowering

Madatsar Blowering tana kan kogin Tumut, cikin babban aikin ruwa da lantarki na tsaunukan Snowy, an kammala ta a 1968. Tana da tsawon da jirgi zai ɗauki gudu, ya ratsa kilomitar da aka auna, ya kuma sami wurin tsayawa. Dokar hukumar tseren jiragen ruwa ta duniya, UIM, ita ce a yi gudu biyu, zuwa da dawowa, cikin sa'a guda, a ɗauki matsakaicinsu, don kada iska ta taimaki wani. Dawowar ce mai haɗari, domin jirgin ya riga ya dama ruwan da kansa.

Ana shirin gwajin 1977 sai wani ɗan ƙarfen aiki ya faɗa bakin inji ya lalata shi. Abin da ya rage shi ne injin nan mafi arha, na kayan gyara. Aka ɗora shi. Ƙarfinsa bai kai ba, jirgin ya kasa cim ma lambar Taylor. Fink ya yi lissafi ya gano cewa ƙarfen akala, wato farantin da ke nutse a ruwa a baya yana juya jirgin, yana cin ƙarfi mai yawa a wannan gudun, ya ba da shawarar a rage tsawonsa da 'yan santimitoci. Wannan ba ƙaramar kasada ba ce. Ƙarfen nan shi kaɗai ne abin da ke cikin ruwa sosai, shi ke riƙe jirgin a kan layi. A rage shi fiye da kima, jirgi ya juya gefe yana gudun 450, magana ta ƙare. Warby ya yanke. Ranar 20 ga Nuwamba, 1977, ya yi matsakaicin gudun kilomita 464, ya ɗara Taylor da kusan biyar.

A lura da yadda aka yi: ba Warby ne ya kalli ƙarfen ya ce bari in gwada sa'ata ba, ba kuma Fink ne ya shiga jirgin ba. Ɗaya ya kawo lissafi, ɗaya ya kawo shekarun da ya yi yana jin jirgin a jikinsa, ya auna ko zai iya riƙe shi da guntun akala.

Tazarar kilomita biyar ba ta kwantar masa da hankali ba, kuma mil 300 da Campbell ya mutu yana nema tana nan ba a taɓa ba. A shekarar da ta biyo baya sansanin sojan sama na Wagga, mai nisan kusan kilomita 100 daga Tumut, inda ake horar da makanikan jiragen sama, ya ɗauki nauyin ɓangaren inji. Malamai da masu koyon aiki suka warware, suka gyara, suka gwada a ƙasa. Jikin jirgin shi ne dai na bayan gida. Da lafiyayyen inji, ranar 8 ga Oktoba, 1978, ya ƙara kilomita 47 a kan nasa na bara, ya zama mutum na farko da ya haura mil 300 da kilomita 500 a hukumance. Yana da shekara 39. Wannan tsalle ya nuna cewa a 1977 ba jikin jirgin ne ya gaza ba, inji ne.

Bayan haka

Lee Taylor ya dawo neman kambunsa da Discovery II, jirgi mai injin roka. Ranar 13 ga Nuwamba, 1980, a tafkin Tahoe, jirgin ya tarwatse a wani gwaji, Taylor ya mutu. A Yulin 1989 Craig Arfons, ɗan gidan da ya yi suna a tseren motoci masu injin jet, ya fito da jirgi marar nauyi na kayan zamani a tafkin Jackson da ke Sebring a jihar Florida. Ya tashi sama ya wuntsila, shi ma bai rayu ba.

Ba daidai ba ne a ce waɗannan sun mutu don sun fi Warby wauta. Taylor ya riƙe kambun shekara goma, ya kuma taɓa tsallake mummunan haɗari a 1964. A wannan gudun guntun itace da ke yawo a ruwa, ko igiyar da wani kwalekwale ya tayar minti goma da suka wuce, ya isa. Warby ya yi sa'a, kuma ba shi da wani ɗaki mai sulke da zai kare shi da abin ya ɓaci; katako da faiba ne kawai tsakaninsa da ruwan. Abin da za a iya cewa shi ne ya rage wa sa'a aiki iyakar iyawarsa. Shi ya zana, shi ya gina, shi ya tuƙa, don haka idan jirgin ya yi wani motsi a gudun 350, wanda ya ji motsin shi ne wanda ya san wace haƙarƙari ce a wurin, shi ne kuma zai riƙe injin gogewa gobe. A manyan ayyuka wannan saƙon sai ya bi ta bakin mutum uku kafin ya isa, kuma yakan isa a gurguje.

Spirit of Australia yana gidan tarihin jiragen ruwa na ƙasa da ke Sidni. Warby ya koma Amurka da zama, ya yi tseren motoci masu injin jet, ya sake gina wani jirgin mai suna Aussie Spirit, amma bai kai ga neman kambu da shi ba, ya jingine tuƙi a 2007. Kafin nan dokoki sun sauya, ana buƙatar matuƙi ya zauna cikin ƙaƙƙarfan ɗaki da aka gwada ƙarfinsa, abin da ke ƙara nauyi da kuɗi, ya kuma sa da wuya a sake amincewa da jirgi irin na 1978 yadda yake. Warby da ɗansa David suka gina Spirit of Australia II, da injin Orpheus da aka ciro daga jirgin yaƙin Italiya ƙirar Fiat G.91, dangin injin da ke cikin Bluebird ranar da Campbell ya mutu. Tun 2017 David ke gwada shi a Blowering, yana ƙara gudu kaɗan-kaɗan yana komawa gyara, kuma har Ken Warby ya rasu a Fabrairun 2023 yana da shekara 83, sabon jirgin bai kai 511 ba.